Kwaɗo Uku a Ƙofar Sito

Yara sun ɗauka saboda maƙogwaronsa ake ce masa Malam Kwaɗo, don in ya fusata wuyansa kan cika ya batse kamar na kwaɗon damina. Malamai kuwa sun san ba wannan kwaɗon ake nufi ba. Na ƙarfe ne, irin wanda ake datse ƙofa da shi. Uku ya rataya wa ƙofar siton makaranta, makullansu na ɗaure da igiya a ƙugunsa, ko bayi zai zaga sai an ji kacau-kacau ɗinsu.

Ba son yara ne ya kai shi koyarwa ba. Mahaifinsa tela ne, ya so ɗan ya gaje shi, shi kuma ya ce zaman taka keke ba na wanda ya yi makaranta ba ne. Aikin ofis ya nema, mai fanka da kujerar da ke juyawa. Sau uku yana zana jarrabawar, sau uku sunansa bai fito ba. Sai wani kawunsa ya ce, "To ka riƙe malanta kafin wani abin ya samu." Ya riƙe. Shekara talatin da ɗoriya wani abin bai samu ba, kuma har ya bar aikin bai daina yi wa aji kallon ɗakin jira ba.

Aji ɗaya aka fara ba shi, domin a makarantar nan can ake jefa sabon zuwa da wanda ya yi laifi. Yara tamanin da 'yan kai, benci goma sha biyu, saura a ƙasa suna goge siminti da wandunansu. Bai san yadda ake koya wa yaro harafi ba, bai kuma ga dalilin tambaya ba. Abin da ya gano tun makon farko shi ne amfanin murya. Zai rubuta layi guda a allo, ya buga sanda a ƙarƙashinsa, ya faɗa da ƙarfi, yara su amsa da ƙarfin da ya fi nasa. "Makarantarmu tana da tsabta." Tun safe har tashi, kwanon rufi na amsa kuwwa. Masu wucewa a titi su girgiza kai su ce lallai ajin nan ana karatu. Iyaye suka shiga roƙo a sa 'ya'yansu a wurinsa. Ba wanda ya taɓa nuna wa yaro kalma ɗaya daga tsakiyar layin ya ce, wannan fa? Shi ma bai taɓa ba. In ma ya yi zargin wani abu, to ya bar ta ciki na ciki.

Da wannan ihun ya zama mataimaki, da shi ya zama hedimasta. Ya sami ofis a ƙarshe: tebur mai ƙafa ɗaya a kan bulo, kalanda ta shekarar da ta wuce, da fankar da ba ta taɓa haɗuwa da wuta ba. Tun ranar da ya zauna a kujerar nan bai sake taɓa alli ba, ya ce yana sa shi atishawa.

A shekararsa ta uku a ofis aka kira shugabannin makarantu taron bita na kwana biyar a wani otal. An ce an gano yara na gama aji uku ba su iya karanta sunansu ba, don haka za a sauya yadda ake koyar da su: a fara da sautin harafi, a haɗa sauti da sauti, kowane yaro ya riƙe littafinsa a hannu, da harshen da yake ji a gida. Malam Kwaɗo ya zaɓi kujerar da ke ƙarƙashin na'urar sanyi, ya yi barcin da bai taɓa samun irinsa a gida ba. Ba ya farkawa sai in an ce shayi. Ya dawo da jaka mai tambari, da hula, da magana guda da ta shiga kunnensa tsakanin barci da barci: a kula da littattafan.

Bayan wata biyu mota ta sauke kwali arba'in. Ya sa aka jera su a sito kan katako, ya sayo kwaɗo. Da ya kwana ya ga ɗaya bai isa ba, ya ƙara biyu. Duk sifeton da ya zo, sito yake fara kai shi. Sifeto ya ƙirga, arba'in cif, ya rubuta a fayil cewa ga makarantar da ta san darajar kayan hukuma, ba kamar wasu ba da littattafansu suka zama tsumma. Malam Kwaɗo ya sa aka yi wa takardar yabon firam. Wani lokaci da rana, in zafi ya yi yawa a ofis, yakan buɗe siton ya shiga shi kaɗai, ya shaƙi ƙamshin sabuwar takarda, ya shafa kwalayen kamar mai duba garkensa. Shekara shida ana haka.

Sannan aka turo wata sabuwar malama, siririya, mai magana ƙasa-ƙasa. A lokacin aji ɗaya ya rabu gida biyu, na gabas da na yamma. Na gabas yana hannun wani tsohon ɗalibin hedimasta da ake kira Malam Na'am, don ko cewa aka yi rana ta fito daga yamma, na'am zai ce. Shi ya gaji sandar da muryar. Ita aka ba ta na yamma, mai tsagaggen allo.

A makonta na biyu ta yi sallama a ƙofar ofis.

"Ranka ya daɗe, maganar littattafai ce ta kawo ni."

"Waɗanne littattafai?"

"Na sito. A inda muka yi horo an ce mana kowane yaro yana da nasa."

Ya kwantar da bayansa a kujera, ya dube ta sama da ƙasa. "Malama, yaran naki sun iya karatu?"

"Ba su iya ba, ranka ya daɗe, ai shi ya sa."

"To yaron da bai iya karatu ba, me zai yi da littafi? Ci zai yi? Su fara iyawa tukuna, sai ki dawo mu yi magana."

Maganar nan ta yi masa daɗi ƙwarai. Ya maimaita ta a ɗakin malamai, Malam Na'am ya yi dariya har da buga cinya. Ya kai ta gida ya faɗa wa matarsa, ita kuwa ta ci gaba da ninke wanki, ta ce, "Malam, ni dai ban taɓa ganin wanda ya koyi iyo a tudu ba." Ya ce mata harkar ilimi ba ta mata masu zaman gida ba ce.

Malamar ta sake dawowa, ta ce to ko kwalin da ba komai a ciki a taimaka mata da shi. Ya ce babu, don ba wanda aka buɗe. Sai ta bi masu shagunan bakin titi tana karɓar kwalayen sabulu da na taliya. Ta yanyanka su da almakashi, ta rubuta harafi ɗaya a kowane da tawada mai kauri. Daga nan sunanta ya zama 'Yar Kwali, kuma hedimasta ne ya raɗa mata.

Ajinta ya zama abin dariyarsa. In ya bi ta taga sai ya ji yara na cewa mmm kamar ƙudan zuma, gobe kuma sss kamar an taka maciji. Ta ɗaga kwali mai harafi, ta ɗaga wani, ta matso da su har su haɗu, ta kira yaro ɗaya da sunansa ya faɗa shi kaɗai. Wani lokacin ta fitar da su fili su zana harafin a ƙasa da yatsa. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne shirun. Sai a yi minti biyar ba a ji komai daga yamma ba, alhali gabas na neman ɗage rufi.

Ya kira ta ofis. "Malama, mutane na wucewa ta titin nan. In ba su ji murya ba, me kike so su ce? Wata guda kina kan haruffa shida. Maƙwabcinki ya gama layi goma sha biyu."

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa ƙarshen shekara."

"Na ba ki. Amma ba da jinina ba."

Jinin da yake nufi jikarsa ce, 'yar 'yarsa ta fari, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake kiranta Uwata. Rabo ya kai ta ajin yamma a farkon shekara, har ta fara dawowa gida tana nuna harafi a jikin gwangwanin madara. A ranar ya kama hannunta ya mayar da ita gabas, ya zaunar da ita a bencin gaba. Cikin mako guda ta haddace layi uku. In baƙi sun zo gidansa sai ya ce, "Uwata, zo ki yi musu karatu." Ta tsaya ta harɗe hannu a ƙirji ta rero, ba takarda ba allo, baƙi su ce lallai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ana saura wata guda a rufe shekara takarda ta zo: jibi za a turo mai gwada karatun yara. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma Malam Kwaɗo ya fafe. Da safiyar ranar ya tsaya a ƙofar sito da makullansa. Biyu suka buɗe, na uku ya cije, don ruwan damina ya shige shi tun zuwan sifeto na ƙarshe, sai da maigadi ya kawo guduma. Aka farke kwali huɗu, aka raba wa aji ɗaya duka biyun. Ya bi aji-aji yana gargaɗi: duk wanda ya yaga shafi, fatar bayansa ce za ta biya. Yaran gabas suka ajiye littattafan a gabansu, suka cusa hannuwa ƙarƙashin cinya don kada tsautsayi ya sa su taɓa.

Wadda ta zo dattijuwa ce mai takalmi shafaffe, da jaka ɗaya, da ɗan agogon dannawa rataye a wuyanta. Ya shirya mata waƙar maraba, ta ce a bari. Ya ce a fara da sito, ta ce ita ba kwali ta zo gwadawa ba. Ta sa aka fito mata da benci a baranda, ta karɓi rajista, ta zaɓi sunaye da kanta, goma daga gabas, goma daga yamma. Yaro ɗaya a lokaci guda, takarda ɗaya mai haruffa a sama da ɗan labari a ƙasa, minti ɗaya.

Na farkon gabas ya zo ya riƙe takardar a juye. Mai Agogo ta gyara masa. Ya kalli takardar, ya kalli sama, agogo ya yi ƙara. Na biyu haka, na uku haka. Na huɗu ya san harafi biyu. Malam Kwaɗo na tsaye a bayanta, wuyansa ya fara cika.

"Hajiya, waɗannan 'ya'yan marasa kula ne, gidajensu ba a san boko ba. Bari in kawo miki wadda za ki gwada."

"Ba ta cikin waɗanda na zaɓa, Malam."

"Jikata ce. Ki gwada ta ko ba za ki rubuta ba."

Ta ɗaga kafaɗa. Aka kawo Uwata. Yarinyar ta zauna, ta dubi takardar, ta dubi kakanta, ya gyaɗa mata kai. Sai ta harɗe hannu a ƙirji ta buɗe murya: "Makarantarmu tana da tsabta. Malaminmu yana da kirki."

Labarin da ke takardar na wata akuya ce da ta shiga lambu.

Mai Agogo ta bari ta kai aya, sannan ta ɗora yatsa a kan harafin farko. "Madalla, 'yata. To wannan fa, me yake cewa?"

Yarinyar ta ƙura wa harafin ido. Ta san ta taɓa ganinsa, a jikin kwali, watanni da suka wuce. Leɓenta ya haɗu kamar za ta ce mmm, sai ta sake duban kakanta, ta tuna shi ne ya ce wannan kukan ƙudan zuma ne, ta haɗiye. Hawaye ya taru mata. Minti ɗayan nan Malam Kwaɗo ya ji shi kamar wunin bazara.

"Kunya ce," in ji shi. "A gida kamar rediyo take."

Aka koma kan yaran ajin yamma. Ba za a ce duka sun iya ba: biyu sun tsaya a haruffa, ɗaya ta fashe da kuka aka mayar da ita. Amma bakwai sun karanta. 'Yar mai wankin da ke bayan makaranta, wadda hedimasta ya taɓa kora gida saboda rashin takalmi, ta ɗora yatsa tana bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai tsallaka rafi kan duwatsu. Da ta kai inda akuya ta cinye hular mai lambu sai ta tsaya ta yi dariya. Mai Agogo ta rubuta wani abu mai tsawo.

Sai bayan nan ta ce a kai ta sito. Ta ɗauki littafi ɗaya, ta buɗe, shafukan na manne da juna suna ƙara. Ta duba shekarar da aka buga shi.

"Malam, yaran da aka kawo wa waɗannan, yanzu suna ina?"

"Sun gama, Hajiya. Bara suka fita."

"Sun taɓa ganinsu?"

"Ai da sun gani da ba ki same su haka ba. Ko ɗaya bai yage ba."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya. Sannan ta ajiye littafin, ta ce daga yau ƙofar nan a buɗe take, kuma za ta sa a rubuce.

Kafin la'asar labari ya riga shi isa gida. Ya tarar da 'yarsa, uwar yarinyar, zaune a tsakar gida ko mayafi ba ta cire ba.

"Baba, da kanka ka cire ta daga inda ake koya mata."

"Ke me kika sani? Matar nan tsorata yara take yi da agogo. Ko ni aka danna wa agogo sai in rikice."

"'Yar mai wanki ba ta rikice ba."

"Za ki koya mini aikina ne? Shekara talatin ina cikinsa."

"Ni ma a ajinka na yi, Baba. Sai da na kai aji huɗu na iya karanta sunana, kuma maƙwabciyarmu ce ta koya mini. Ban taɓa faɗa maka ba don kada ranka ya ɓaci."

Ya waiwaya wajen matarsa ko za ta tsawata wa 'yar. Matar ta ci gaba da tsince shinkafa. Ya shige ɗaki yana borin kunya, yana cewa 'ya'yan yanzu ba su da ta ido. Washegari uwar ta kama hannun yarinyar ta kai ta gidan 'Yar Kwali, ta roƙe ta ta riƙa duba ta da yamma duk tsawon hutu.

Mutum zai zaci daga nan asirinsa ya tonu. Ina. Rahoton da aka tattara a can sama bai san gabas da yamma ba, sunan makaranta kawai ya sani, kuma makarantar ta fi duk na kewayen yawan yaran aji ɗaya masu karatu. Maganar sito tana shafi na goma sha tara, inda ba mai kaiwa. Aka gayyaci hedimasta babban taro ya bayyana sirrin nasararsa. Ya ɗinka sabuwar riga. Ya aika maigadi ya kwaso kwalayen malamar daga aji ba tare da an tambaye ta ba, ya ɗaga su gaban jama'a, ya ce dabara ce da ya daɗe yana nazari a kanta, wato kada a yi gaggawar ba yaro littafi sai an gina masa tushe. Aka tafa. Aka ba shi allon yabo na katako. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Kwalayen ma a otal ɗin taron ya manta su, sai da ta sake yanka wasu.

Siton ya buɗe, tunda an sa a rubuce. Amma ya kafa doka: littafi ya fita ƙarfe tara, ya dawo tara da rabi, malami ya sa hannu a fita, ya sa hannu a dawowa. 'Yar Kwali ta bi dokar mako biyu, daga nan ta daina mayarwa, ta ce wa yara su tafi da su gida su karanta wa iyayensu. Ya rubuta mata takardar gargaɗi. Ta karɓa da hannu biyu, ta gode, ta yi amfani da bayanta ta rubuta wa yara labarin kaza. Kafin ya rubuta ta biyu lokacin ritayarsa ya yi.

Yanzu yana zaune a ƙofar gida kan kujerar roba. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma hazo-hazo yake gani, ga ciwon suga. Uwata, wadda ke aji huɗu, ita ke karanta masa saƙon waya da rubutun jikin kwalbar magani. Tana yi da sauri, ba ta bin layi da yatsa. In akwai baƙo a wurin sai ya gyara zama ya ce, "Kun gani? Jini ba ya ƙarya. A hannuna ta tashi."

Ran nan ta karanta masa cewa ƙwaya ɗaya ake sha bayan abinci. Ya ce biyu ne, ta sake dubawa da kyau. Ta ce ɗaya aka rubuta, Kaka. Ya ce tun ba a haifi uwarta ba yake koyar da karatu. Yarinyar ta buɗe kwalbar. Ta ɓallo ɗaya ta sa masa a tafin hannu, ta miƙa masa ruwa, ta tafi da kwalbar wajen kakarta.